Amsa ga mai son bin ƙaramar ƙungiyar ƙwallo a Bauchi har ƙarshen kaka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya ya ce zaman gidan kallo ya ishe shi, bana yana so ya bi wata ƙaramar ƙungiya ta unguwarsu tun daga farkon kakar wasa har ƙarshenta, amma bai san lokacin da ake farawa ba, bai san inda ake samun jadawali ba, kuma yana so ya ji abin da zai kashe. Malam, na daɗe ina bin irin wannan ƙungiya a nan cikin garin Bauchi, saboda haka ga abin da na gani.

Ya kamata ka fara sanin matakin da ƙungiyar take. A sama akwai babbar gasar ƙasa, NPFL, a ƙarƙashinta akwai NNL, sai NLO, wadda ita ce mataki na uku, sannan gasannin da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha take shiryawa, sai kuma kofunan unguwanni da na ƙananan hukumomi waɗanda wani mai hali ko ɗan siyasa yake sakawa. Yawancin ƙungiyoyin da muke magana a kansu suna rayuwa ne a waɗannan matakai na ƙasa, kuma abin da ake kira kaka a wurinsu ya sha bamban da wanda ka saba gani a Ingila, inda ake fitar da ranakun wasanni duka tun kafin a taɓa ƙwallo a watan Agusta. Kakarmu haɗe-haɗe ce: wasannin sada zumunta, kofin unguwa, kofin jiha, in an samu kuɗin rajista a shiga gasar ƙasa. Ana iya sa wasa ranar Asabar a ɗage shi daren Juma'a saboda an ba da filin don wani taro, ko don motar baƙi ta lalace a hanya.

Don haka jadawalin da kake nema ba ya kan wata takarda da za ka saya. Yana bakin koci da sakataren ƙungiya, yana cikin zauren WhatsApp na 'yan wasa da magoya baya, kuma ba za a sa ka a wannan zaure ba sai an san fuskarka. Shawarata ita ce ka fara da zuwa atisaye, kada ka jira ranar wasa. Je bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ka gaida koci, ka tsaya gefe ka yi kallo. A wurin atisaye ne za ka gane wane ne yake zuwa daga garejin kanikanci da baƙin mai a hannunsa, wane ne ya ajiye Keke Napep ɗinsa a bakin fili don ya yi awa guda ya koma neman fasinja, wane ne ɗalibi da zai ɓace idan jarrabawa ta zo. Idan ka san wannan, ranar da ɗan bayanku ya gaji a minti na 70 ba za ka zage shi ba, domin ka san inda ya wuni.

Maganar kuɗi kuwa, shiga fili galibi kyauta ne, in ma an karɓa ba ya taka kara ya karya. Amma ina so ka fahimci abu ɗaya tun yanzu, kuma shi ne jigon amsata: a wannan mataki babu ɗan kallo zalla, duk wanda ya lizimci ƙungiya sai ya zama cikin masu ɗaukar nauyinta. Manyan ƙungiyoyi irin su Wikki Tourists ta Bauchi da Gombe United gwamnatocin jihohinsu ne ke riƙe da su. Ƙungiyar unguwa kuwa mutum ɗaya ne ko biyu, wataƙila ɗan kasuwa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, sai karo-karon da ake yi a majalisa. Za a nemi ka sa hannu a kuɗin mota, ko ka kawo jakar ruwan leda, ko lemon zaƙi da za a yanka wa yara lokacin hutun rabin lokaci. Na ga safiyar wasa da dattijo mai furfura ya duƙa da bokitin toka yana zana layin fili da hannunsa, wani yana ɗinke ragar da ta yage, wani kuma ya tafi karɓo rigunan da aka wanke jiya ba su gama bushewa ba. Babu wanda ake biya a cikinsu. Ka ƙayyade wa kanka abin da za ka iya bayarwa duk wata, ka miƙa wa ma'aji a gaban shaida, kada ka riƙa ba 'yan wasa ɗaiɗai a ɓoye, domin hakan yana raba kan yara.

Tafiya wasan waje ita ce inda za ka san ƙungiyarku da gaske. Zuwa Azare ta Darazo da Misau tafiya ce ta sa'o'i, kuma sau da yawa a bas ɗaya ake cusa 'yan wasa da koci da ƙwallaye da magoya baya, a sauka ƙafafu sun sage, a ɗan miƙe jiki, a shiga fili. A watan Afrilu zafi ne, a Janairu ƙurar hunturu ce da ke tsattsage leɓe ta sa ƙasa ta yi tauri har faɗuwa ɗaya ta ɗaye fatar gwiwa, a Agusta kuma ruwa na iya mayar da gaban raga taɓo. Da azumi atisaye yakan koma dab da magariba ko a dakata gaba ɗaya. Duk wannan cikin kaka ɗaya ne, kuma wanda ya bi ƙungiya a gida kawai rabin labarin ya sani.

Lokacin da ya fi kowane daɗi a wurina shi ne kofin ƙalubale na jiha, wanda ƙungiyoyi biyu da suka kai wasan ƙarshe suke wakiltar jiha a kofin ƙasa. Shi kofin ƙasar ya samo asali tun 1945, kuma Wikki, wadda aka kafa a 1991, ta ɗauke shi a 1998, abin da manyanmu har yau suke ba da labarinsa. Daɗin kofin jihar shi ne ƙuri'a tana iya haɗa yaran unguwa da ƙwararru a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, yaron da ya saba da tsakuwa ya taka fili mai kyau a gaban iyayensa. Yawanci ana cin mu, amma akan samu ranar da mai tsaron gida zai tashi da sa'a, a tashi canjaras, a je bugun fenareti, kuma unguwa takan yi shekara tana maganar wannan yammacin. Hawa sama ma ba mafarki ba ne: maƙwabtanmu na Gombe sun ga Doma United ta haura zuwa NPFL a 2022, ko da yake ta sauka a 2024 tare da Gombe United, abin da ke nuna cewa zama a can ya fi hawan wuya. Ita NLO kuma akan tara ƙungiyoyi a cibiya ɗaya su buga wasanninsu cikin 'yan kwanaki, don haka kuɗin masauki da abinci yakan kayar da ƙungiya tun kafin abokan hamayya su kayar da ita.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Za ka ga alƙalancin da zai ƙona maka rai, musamman a waje, kuma za ka ga magoya bayan da suke ganin bugun alƙalin wasa shi ne kishin ƙungiya. Kada ka shiga cikinsu. Ƙungiyar da aka ci tara ko aka kore ta daga gasa saboda jifa, yaran da suka yi wata da watanni suna atisaye ne suke asara, mai jifan kuwa gida zai koma ya kwanta.

Abu mafi ciwo shi ne rabuwa da ɗan wasan da ya fi kowa, kuma wannan yakan faru a tsakiyar kaka, daidai lokacin da kuka fara ganin haske. Tafiyarsa abin farin ciki ce, domin Ahmed Musa ma daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos ya fito, ya bi ta ƙungiyar JUTH ta Jos, kafin Kano Pillars da Turai. Matsalar ita ce yadda ake tafiyar. Wasu masu kiran kansu ejan suna karɓar kuɗin iyaye da sunan gwaji a ƙasar waje, a sayar da gona ko fili, ƙarshe yaro ya dawo babu ƙungiya babu makaranta. Sannan dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma wannan haƙƙi ba ya samuwa sai idan an yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyar a hukumance. Ƙungiyoyinmu da yawa sun yi reno a banza saboda babu takarda.

Tunda na ga kana da ilimi da wayar zamani, a nan ne za ka fi amfani. Ka taya sakatare ajiye sunayen yara da ranakun haihuwarsu na gaskiya da hotunansu, ka riƙa rubuta sakamakon kowane wasa da wanda ya ci ƙwallo, ka ɗauki bidiyo in hali ya yi. Kuma kafin wasan farko ka tambayi koci ko akwai akwatin magani da bandeji, da lambar direban da zai kai yaro asibiti idan an samu karaya, domin a filayen da za ku buga ba a ajiye motar asibiti.