Littafin da aka buga wa hatimin waƙafi: zan iya sayar da shi a shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Najeriya ne, na gama karatu a Azhar na ci gaba da zama a Alƙahira. Ina da ɗan shago a Hayyul Ashir inda nake saye da sayar da littattafan hannu, yawancin masu zuwa ɗalibai ne baƙi, 'yan ƙasarmu da 'yan Nijar da Chadi da Indonesiya. Idan ɗalibi zai koma gida sai ya ɗaure littattafansa a kwali ya kawo mu yi ciniki a dunƙule, don ba zai iya biyan kuɗin awo a jirgi ba. In na buɗe, nakan tarar da Alƙur'ani bugun Madina ko wasu littattafai da aka rubuta musu "waƙafi ne, ba a sayarwa". Wani malami ya ce mini tunda mai su zai tafi ya bar su, amfaninsu ya yanke, ba laifi a sayar. Yaron shagona kuma ya ce mu riƙa cire shafin farko. Ribar halal ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sa albarka a nemanka, ɗan'uwa. Sana'ar kanta halal ce, kuma tana da lada in an kyautata niyya, domin ɗalibin da kuɗin tallafinsa ba ya kai shi ƙarshen wata a wurinka zai sami littafin da ba zai iya saya sabo ba. Sayar da Alƙur'anin da mutum ya mallaka da kuɗinsa ma ya halatta a wurin mafi yawan malamai.

Sai dai ka ce in ka buɗe kakan tarar. Ashe ba ka buɗewa sai bayan an gama ciniki? Nan ne gyara na farko. Malamanmu na Malikiyya sun yarda da sayen kaya a dunƙule ba tare da ƙirga ba, amma da sharaɗin a ga kayan da ido, kuma ya zama ba irin abin da ake nufin kowane ɗaya daga cikinsa daban ba. Littafi kuwa kowanne da darajarsa: mujalladi ɗaya na iya fin sauran kwalin gaba ɗaya tsada. Kwali a ɗaure da igiya cinikin biri a sama ne. Ka kwance shi a gaban mai shi, ka ɗaga kowane littafi, sannan ku yi farashi. Da kana yin haka da tun a nan ka ware na waƙafin ka ce masa wannan ba naka ba ne balle ka sayar mini.

Domin gaskiyar maganar ke nan. Abin da aka yi waƙafinsa ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Ɗalibin da aka miƙa wa littafin an ba shi damar karantawa, ba a mallaka masa wuyansa ba, don haka cinikin da kuka yi a kansa bai ƙullu ba. Ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina tana da bugun sayarwa, tana da wanda ake rabawa alhazai da masallatai, an rubuta a jikinsa cewa ba a sayarwa. Ka duba bango da shafin farko da na ƙarshe, za ka bambance su.

Maganar da aka gaya maka kuwa tana da tushe, amma an ɗora ta inda ba wurinta ba. Gaskiya ne Shehu Halilu ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa waƙafin da ba gida ko fili ba, idan ya daina amfani, ana sayar da shi a saka kuɗin a irinsa ko a wani yanki na irinsa. To amma misalan da masu sharhi suka kawo su ne dabbar da ta tsufa ta kasa aikin da aka tsayar da ita dominsa, da tufafin da ya ƙare, da littafin da ya ruɓe har ba ya karantuwa. Lalacewar a jikin abin take. Littafin da ke kwalinka lafiyarsa ƙalau, mai riƙe da shi ne kawai ya sami tikiti. Ta yaya za a ce amfanin Alƙur'ani ko littafin nahawu ya yanke a garin da sababbin ɗalibai ke sauka kowace shekara, Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, cike da masu neman abin karantawa? Da tafiyar mutum ɗaya tana warware waƙafi, da babu waƙafin da zai wuce shekara huɗu a hannun ɗalibai.

Sannan ko da mun sallama cewa ya lalace, ina kuɗin zai tafi? Nassin ya ce a irinsa. Ba a ce ɗalibi ya yi tsarabar gida da shi ba, ba a ce mai shago ya ɗora riba a kai ba. Kuma ba kowa ke yanke hukuncin sayarwar ba, aikin mai kula da waƙafin ne ko hukuma. Wanda ya ba ka fatawar ya ɗauki rabin jumla ya bar rabi. Wasu kuma sukan ce ai in ba a saya ba a bola za a zubar, gara a ceto shi. A ceto shi, na yarda. Karɓarsa kyauta a ajiye wa mai buƙata shi ne ceton, kuma wannan ba ya buƙatar ciniki.

Shawarar yaron shagonka ita ce mafi muni a duk tambayar. Sayarwa cikin rashin sani kuskure ne, yage shafi kuwa shaida ce cewa an sani, an haɗa cin waƙafi da ha'incin mai saye. Ka ja masa kunne. Kai ma in aka kawo maka littafi ka ga guntun takarda a gindin ɗinkin inda shafin farko ya kamata ya kasance, ko an manna farar takarda a kan wani wuri, ka ɗaga shi wajen haske ka tambaya. Wanda ke ɗauke da hatimin ɗakin karatu na jami'a ko na masallaci aro ne da ba a mayar ba, sai in akwai alamar su da kansu suka fitar da shi. A mayar musu.

Abin da ya wuce ba ka da zunubi a kan wanda ba ka sani ba, amma haƙƙin yana nan. Wanda ka san mai sayensa, ka mayar masa da kuɗinsa ka karɓo. Wanda ya ɓace maka, ka sayi irinsa ka saka a madadinsa. Kuɗin da ka biya ɗalibin kana da haƙƙin nema a wurinsa, in ka yafe ya fi. Ka ware kanta guda a shagon, ka rubuta mata "waƙafi, ɗauki ka karanta ka dawo da shi", masu tafiya su riƙa ajiye nasu a nan. Waɗannan ba sa shiga lissafin zakkarka. Sauran hajar kuwa ka yi mata ƙima duk shekara, ka haɗa da kuɗin hannu, in ta kai nisabi ka fitar.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Ɗalibin da jirginsa zai tashi gobe ba ya iya jan ciniki, kai kuma ka sani. Cinikin da kuka yi bayan an kwance kwalin ya inganta, amma kada ka mayar da gaggawarsa jarinka, musamman ɗan ƙasarku da kuka ci tuwo a kwano ɗaya. Kuɗi ko hoto ko wasiƙa da ka tsinta tsakanin shafuka ba sa cikin cinikin, na mai su ne. Littattafan sihiri da hatimai na tsibbu kada su kwana a kantarka ko nawa aka taya. Bugun sata kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mawallafi abin karewa ne a shari'a, don haka kada ka yi sarinsa daga masu bugawa. Kuma kai baƙo ne a ƙasar mutane: ka tabbata takardun zamanka sun ba ka damar buɗe shago, kada wata rana a rufe maka shi da amanar mutane a ciki.

Wallahu a'alam.