Amsar tambayarka kan ƙauyenmu na Ireland

Yaya, ka ce wai me ya kai mu ƙauyen da ko a taswira ba a gani, kuma wai anya muna sallah kuwa. Haba Yaya. Ballyhaunis dai a yankin Mayo take, yammacin Ireland, mutanenta ba su kai dubu uku ba, makiyaya ce ko ta ina shanu da tumaki, ga ɗan rafin Dalgan ya ratsa gari, ruwan sama kuwa babu ruwansa da damina ko rani.

Asalin garin gidan limaman Kirista ne 'yan ɗariƙar Augustine a kan tudu, mutanen nan suna cewa tun 1348, a gefensa aka yi ta zama har kasuwa ta kafu, jirgin ƙasa ya iso a 1861. Su ma fa sun san barin gida, tun yunwar dankali ta 1845 danginsu suke watsewa Amurka da Ingila, shi ya sa in ka ce wa tsohuwa a nan mahaifiyarka na nesa sai ka ga jikinta ya yi sanyi.

Sallah kuma, masallacin farko da aka gina shi masallaci tun daga tushe a duk ƙasar nan yana garin nan, 1987, wani ɗan Pakistan Sher Rafique mai mayankar halal shi ya gina. Ranar Juma'a sahu ɗaya muke da 'yan Pakistan da 'yan Siriya, nama kuwa ba ma tambayar wa ya yanka.

Abin da ya fi min ciwo zancen auren yarinyar nan ne da kuke ta yamiɗiɗi wai mun ba arne. Yaron ya musulunta kafin ma ya zo gaisuwa, an yanka sadaki, waliyyi ya bayar, har lefe uwarsa ta haɗa da taimakon matan nan tana ta tambaya wai akwati nawa ake sawa, amma ku ko kira ɗaya na Allah sanya alheri babu.

Yara kam gaskiya in ka yi musu Hausa da Turanci suke amsawa, Inna ta kan yi dariya a waya ta ce bakin jikokinta ya karye, amma ba su taɓa gaishe ta a tsaye ba. Kuka da daddawar da ka ce za ka aiko tun azumi dai har yau shiru.