Tambayoyin Masu Karatu: Kwanton Ɓaunar Vejce

Tambaya: Malam barka da aiki. Jiya a fadarmu nan unguwar Birni muna shan shayi gardama ta kaure, wani abokinmu ya ce har a Turai an taɓa yi wa 'yan sanda kwanton ɓauna irin wanda ake wa jandarmominmu a daji, wai 'yan tawayen Albaniyawa ne suka yi, mu dai ba mu yarda ba. Gaskiya ne? Daga mai karatu, Damagaram.

Amsa: To ɗan'uwa ku biya abokin nan naku kuɗin shayi, gaskiyarsa. A ƙasar Masedoniya aka yi, wadda tun 2019 ake ce ma Masedoniya ta Arewa. Albaniyawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na mutanen ƙasar, suna kukan ana danne musu harshe, aikin gwamnati kuma ba a ba su, sai ƙungiyarsu ta tawaye ƙarƙashin Ali Ahmeti ta ɗauki makami a 2001.

Ran 28 ga Afrilu na shekarar suka laɓe kusa da ƙauyen Vejce, cikin duwatsun da ke saman garin Tetovo, wurin da ma ya dace da ɓuya, ayarin sintiri na isowa suka buɗe wuta. Mutum 8 suka mutu, 'yan sanda 4 da sojoji 4. Abin da ya fi ba ni takaici, fushin a kan talaka ya sauka, a garin Bitola aka bi shagunan Albaniyawa da ba ruwansu ana ƙonawa.

Sai 13 ga Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Ohrid, sojojin NATO suka karɓe makaman, shi kuwa Ahmeti ya kafa jam'iyya ya shige siyasa.