Ta yaya ake ƙidayar jemagu a kan bishiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kumasi, an ba ni aikin ƙidayar jemagun da ke wuni a bishiyoyin gidan zu, in kuma gano ko haihuwarsu na tafiya daidai. Sun yi cincirindo, ido ba ya iya raba su. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Waɗannan su ne masu cin 'ya'yan itace da masana ke kira Eidolon helvum. Kada ka bari sai magariba, in sun tashi ƙirga su na da wuya ƙwarai. Da rana ake yi, suna rataye.

Ɗauki madubin hangen nesa, ka zaɓi rassa 10 a bishiya guda, ka ƙirga na kowane reshe, ka fitar da matsakaici, sannan ka ninka da yawan rassan da suka ɗauki jemagu. Manyan bishiyoyi lissafinsu daban, ƙanana daban. Kusan kullum adadin kan gaza na gaskiya, don na tsakiyar curi ba sa ganuwa. Hayaniya kuma kan kore su zuwa bishiyar gaba, har ka ƙirga su sau biyu ba ka sani ba. Ku je ku biyu, kowa da takardarsa, ku riƙa maimaitawa duk wata.

Haihuwa ita ce mai wuya. Mace ɗa guda take haifa a shekara, a Ghana wajen watan Maris. Jaririn na manne da cikin uwa, fiffike ya rufe shi, sai ka ga gefe guda ya yi tudu. Jira zafin rana ya sa ta buɗe fiffike tana fifita, nan za ka gan shi. Daga ƙasa ba a cika bambance mace da namiji ba, don haka rubuta jarirai nawa cikin manya 100.

Kama su da raga sai da izinin hukumar namun daji, da safar hannu mai kauri, da allurar rigakafin ciwon haukan kare. A jikin irin wannan jemage aka fara gano wata 'yar'uwar ƙwayar cutar a Legas a 1956. In an kama, nonon mai shayarwa na wajen hammata, gashin gefensa ya zube. Matashi kuwa, haska tocila ta bayan gaɓar yatsunsa, haske zai ratsa guringuntsin.

In damina ta faɗi ka ga bishiyoyin sun yi fayau, kada ka rubuta mutuwa; yawancinsu arewa suke yin ƙaura, da 'ya'yansu.