Ba daga ƙasar da ake tseren ba ne, daga hanyar da hoton ya biyo ne

Ka ce kana kallon tseren babura na MotoGP a nan Maradi, wata tashar hoto garau, wata kuma dishi-dishi, ko kyamarorin wasu ƙasashe ne suka fi na wasu kyau? A'a ɗan'uwa. Kamfani ɗaya ne na ƙasar Sifen, wanda aka fi sani da Dorna, ke ɗaukar hoton kowane tsere, a Italiya ne ko a Japan, sannan ya raba wa tashoshin duniya. Bambancin yana shigowa ne wajen yadda kowace tasha ke matse hoton, wato ta rage masa nauyi, kafin ta harba shi ta tauraron ɗan'adam. Labarai ko fim ba su cika tona asirin wannan matsi ba, amma babur mai gudun da ya haura kilomita 350 a awa, kamar a filin tseren Mugello na Italiya, nan take za ka ga lambar da ke jikinsa ta narke, ciyawar gefen hanya ta koma 'yan murabba'ai.

Sai dai kafin ka zargi tasha, leƙa bayan telenka. Ni na daɗe ina mita, ashe dikodata da tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, na haɗa ta. Ranar da na sa wayar HDMI ta zamani na koma tashar HD mai hoto garau, har tseren dare na Katar da ake yi ƙarƙashin fitilu na ga tartsatsin wuta ɓaro-ɓaro. In kuma da damina ce hadari ya haɗo, hoton zai riƙa tsinkewa ko wace tasha ce, sai ka jira ruwan ya ɗauke.