Amsa: me ya sa IN na SQL (yaren da ake neman bayanai da shi a database, wato rumbun adana bayanai) ba ya karɓar jerin lambobina?

Salam ɗan'uwa. Ka ce kana haɗa wa masu albasa na kasuwar Mile 12 a Legas manhajar lissafi, ka tura '3,7,12' cikin WHERE lamba IN (@jerin) don ya zaɓo maka layukan da lambarsu ke cikin jerin, sai kuskure ya fito. Wallahi ni ma abin nan ya taɓa cinye min dare guda a Agege, janareta na ta ƙara ga mai yana ƙarewa.

Matsalar ita ce database ɗin ba lambobi uku yake gani ba, rubutu ɗaya yake gani mai waƙafi a ciki, sai ya so mayar da shi lamba ya kasa. Fankshan (ƙaramin umarni mai yin aiki guda) za ka ba shi da zai farfasa rubutun ya dawo da shi layi-layi kamar tebur. In manhajar database ta SQL Server kake amfani da ita, tun na 2016 akwai STRING_SPLIT:

WHERE lamba IN (SELECT CAST(value AS int) FROM STRING_SPLIT(@jerin, ','))

amma ka duba compatibility level ɗinka (saitin da ke nuna sigar SQL Server da database ɗin ke bi) ya kai 130, in bai kai ba zai ce ma bai san fankshan ɗin ba. A manhajar database ta PostgreSQL kuma lamba = ANY(string_to_array(jerin, ',')::int[]) ya wadatar.

Ka kula da waƙafin ƙarshe, '3,7,' zai bar gurbi babu komai kuma SQL Server zai mayar da shi 0, ka ga lissafin buhuna ya rikice ba ka sani ba.

Don Allah kar wani ya ce ka manna rubutun kai tsaye cikin SQL ɗin, ƙofar SQL injection ke nan, wato mugu ya cusa nasa umarnin cikin database ɗinka, kuma kuɗin mutane ne a ciki.