Tsohuwar laftof na jan ƙafa da Ubuntu: canza fuskar aiki zai magance?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Garwa ta Kamaru. Ina da laftof ta hannu mai injin Core 2 Duo da RAM gigabait 2. Ɗalibina ya sa mini Ubuntu, amma ko takarda zan buɗe sai na jira. An ce in canza mata fuskar aiki zuwa marar nauyi. Zai yi amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yi amfani ƙwarai. Fuskar aiki ita ce ɓangaren da ke zana tagogi da jerin manhajoji da duk abin da kake dannawa. Tun 2017 Ubuntu, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar kamar yadda Windows ke yi, ke zuwa da fuskar aiki mai suna GNOME, kuma masu Ubuntu da kansu aƙalla RAM gigabait 4 suke nema. Kai kana da rabin haka. Da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya cika, kwamfuta sai ta koma ajiya a kan faifai, shi kuwa tsohon faifai mai juyawa ba shi da sauri. Jiran da kake yi daga nan yake.

Fuskoki biyu zan ba ka shawara a kansu. Xfce, wadda Bafaranshe Olivier Fourdan ya fara a 1996, ta daɗe tana aiki, ba ta cika ba da matsala ba, kuma wanda ya saba da Windows ba ya ɓata a cikinta. LXQt ta ɗan fi ta rashin nauyi, ita Lubuntu, wato nau'in Ubuntu marar nauyi, ke amfani da ita tun 2018. A gigabait 2, ni LXQt zan ɗauka.

Ba sai ka goge komai ba. Buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo apt install lxqt, ka fita daga asusunka, a shafin shiga ka danna alamar saiti ka zaɓe ta. Wannan ya fi sauƙin data a kan sauko da Lubuntu gaba ɗaya, abin da kowa ya san zafinsa in da kati yake saye. Kafin ka canza, rubuta free -h ka ga RAM nawa ya rage, bayan canjin ka sake dubawa. Kada ka cire GNOME tukuna.

Sai dai Firefox ko Chrome ba ruwansu da fuskar da ka sa. Shafin Facebook da YouTube a buɗe tare na iya cinye duk abin da ka rage. Taƙaita shafuka, ka sa uBlock Origin mai toshe talla a Firefox, domin tallace-tallace na cin RAM da data tare.

Ga kuma zafi, wanda amsoshin da ake rubutowa daga Turai ba su cika ambata ba. A Garwa, watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Injin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kai ta wurin mai gyara ya busa fankar, ya sabunta man sanyaya da ke kan injin.

In sefa ta samu, fara da sauya tsohon faifan da SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, mai mahaɗin SATA, ko da gigabait 120 ne. Yawancin laftof na zamanin Core 2 Duo suna karɓarsa, da yawa kuma na ɗaukar RAM gigabait 4. Mai gyaran ya duba maka irin RAM ɗin, DDR2 ne ko DDR3, kafin ka biya.